Kunkurun Baba Sallau

Shekara talatin da biyu ina riƙe da alli
a wata firamare can Tudun Jukun,
ina ce wa 'ya'yan mutane, "Goge, sake."
Yau ga ni kan ɗan kututture a gindin rimi,
bayan Ƙofar Gayan,
gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata,
Baba Sallau yana ce min, "Warware, sake."

Kwana tara ban taɓa ƙoshiya ba.
Wadari kawai, daga wannan turke zuwa wancan,
in je in dawo, in je in dawo,
kamar mai bin kuɗin fansho a sakatariya.
Na ƙirga zare ɗari da ashirin,
ya sa yatsa, ya ce ɗari da sha tara ne.
Ni da na koyar da lissafi.

Ran da na zauna a masaƙa
ya saƙala min igiyar mataki tsakanin yatsun ƙafa.
"Dama ta sauka, hagu ta tashi,
allera ta buɗe baki, ka ba ta loma,
ka jawo matsefi ya danne. Shi ke nan saƙa."
Shi ke nan, wai.
Na taka dama, hannun hagu ya ce ba da shi aka yi shawara ba.
Ƙoshiya ta kufce ta bar ni,
ta faɗa kaskon ruwan kaji.
Jikansa Ɗanliti, ɗan aji huɗu,
ya tsamo ta, ya goge da bakin rigarsa,
ya miƙo min da hannu biyu yana cije dariya.

Tasa masaƙar hira take yi,
ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba ta tuntuɓe,
yana saƙa yana cinikin goro da mai wucewa.
Tawa tari take yi, ta yi shiru,
ta sake tari.
Zare ya tsinke sau bakwai kafin azahar.
Na koyi ƙulli da yawu a yatsa,
na koyi cewa tabarau ba ya ganin abin da fata ke ji.

Da na sami kamu ɗaya, ya ɗaga shi sama ya duba,
nan faɗi kamar titin Kano,
can tsuke kamar ƙugun zanzaro.
Sai ya shiga karanta min shi kamar wasiƙa:
"Nan ka yi fushi.
Nan yunwa ta kama ka.
Nan hankalinka ya tafi gida bai yi sallama ba.
Nan kuwa," ya tsai da babban yatsa,
"layi shida, ka manta da kanka.
Su ne saƙa. Sauran duk kai ne."

Can nesa, taku ashirin daga ƙafata,
kunkuru ke kwance, katako da dutse a bayansa,
ya riƙe wutsiyar zarena ya ƙi motsi.
"Daina kallonsa," in ji Baba.
"Ba ya zuwa don an zuba masa ido."

Ana kiran la'asar na murɗa takala,
sai na ji ƙurrr a ƙasa.
Ya taho.
Ɗanliti ya ruga ya auna sawun da yatsunsa,
taƙi ɗaya, da ɗan abin da ba a rasa ba.

Na kai ƙyallen gida cikin aljihu.
Gambo ta juya shi, ta sake juyawa,
ta ce, "Malam, hula ce ko ɗamara?"
Yanzu shi ke ɗaure bakin buhun geronta,
kuma ta ce ya fi igiyar kasuwa riƙo.

Daren jiya ta tashe ni sau biyu.
Wai ƙafata na ta taka wani abu cikin bargo,
dama, hagu, dama.